Nasiha Ga Ɗan'uwan Da Ya Shiga Babban Kamfani Da Ƙwarewarsa

Wannan shi ne jawabin da aka gabatar ga 'yan'uwa matasa ma'aikata da masu neman aiki, a wani zama da aka yi a Unguwar Kanawa, Kaduna. 

 

Maganar yau ta shafi wani ɗan'uwa ne da ba a cika tunawa da shi ba a wajen nasiha. An saba yi wa ɗalibi magana, an saba yi wa mai neman aikin farko magana. To amma akwai wanda ya riga ya yi shekara bakwai ko goma yana aiki a ƙaramin wuri, ko dai wajen ɗan kwangila a Mando, ko ofishin akantoci a titin Ali Akilu, ko wata ma'aikatar gwamnatin jiha, sai Allah Ya buɗe masa ƙofa, wani babban kamfani ya ɗauke shi saboda abin da ya iya. Kamfanoni sun san irin wannan ɗauka, sun kuma ware mata hanyarta. Alal misali, lokacin da kamfanin mai na NNPC ya buɗe ɗaukar ma'aikata a 2019, da kuma a Yulin 2024, ƙofa biyu ya yi: ta sababbin masu digiri da za a koya wa aiki, da ta waɗanda suka riga suka ƙware. Wanda ya shiga ta ƙofa ta biyun nan, shi ne abin magana.

Ran da takardarsa ta fito, gida zai cika da 'yan barka, abokai su ce wane kakarsa ta yanke saƙa. Shi ma sai ya saki jiki, ya ɗauka an iso. Alhali kuwa ranar nan ce ya kamata ya zauna ya yi lissafi, domin wanda ya shiga daga tsakiya ba shi da yawan shekarun da wanda ya fara daga ƙasa yake da su, kuma bai san gidan ba kamar yadda waɗanda ya tarar suka san shi.

Kafin a shiga lissafin, ya kamata a tuna wane gari ake ciki. Mutumin Kaduna ba ya buƙatar a ba shi labarin wata ƙasa kafin ya yarda cewa babban kamfani yana mutuwa. Masaƙar KTL da ke Kakuri ta fara aiki a 1957, gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna ce ta kafa ta tare da wani kamfanin Ingila. Bayanta UNTL da Arewa Textiles da sauransu suka biyo, har Kaduna ta zama garin masaƙu. Dubban magidanta daga Tudun Wada da Unguwar Sanusi da Kawo suna tsallaka gada kullum safiya, kuma a lokacin wanda ya samu aikin masaƙa ana ganin ya samu na har abada. A 2002 KTL ta rufe, ma'aikatanta suka shafe shekaru suna bin haƙƙinsu, da yawa suka rasu ba su karɓa ba. A 2007 UNTL ita ma ta rufe ƙofa. Kamfanin harhaɗa motocin Peugeot da ya fara fitar da mota a 1975, bashi ya ci shi har hukumar AMCON ta karɓe shi a 2012. Matatar mai da aka buɗe a 1980, mai ƙarfin tace ganga 110,000 a rana, ta yi shekaru ba ta tace komai ba. Bankin Arewa, wanda iyaye suke alfahari da shi, ya narke cikin bankin Unity bayan da Babban Banki ya ɗaga jarin bankuna zuwa naira biliyan 25, bankuna 89 suka koma 25 a ƙarshen 2005. NEPA ta zama PHCN, PHCN ta wargaje, aka miƙa rarraba wutar Kaduna da Zamfara da Sakkwato da Kabi ga 'yan kasuwa a Disambar 2014. A Janairun 2024 hukumar kula da lantarki ta rushe shugabannin kamfanin, a farkon 2025 kuma aka sallami ɗaruruwan ma'aikata.

Ba don a karya wa kowa gwiwa aka kawo wannan ba. An kawo shi ne don ɗan'uwa ya san cewa shirin da zai yi kashi biyu ne. Akwai shirin yadda zai ci gaba a cikin kamfanin, akwai kuma shirin abin da zai fita da shi ran da kamfanin ya ce ya isa, ko kuma kamfanin da kansa ya durƙushe. Duk shirin da ya tsaya a kan na farko kaɗai, to rabi ne.

To, daga ina ake farawa? Ana farawa ne tun kafin a sa hannu. Hausawa suka ce tun ran gini ran zane. Shekarun da mutum ya yi a baya, rana ɗaya tak ake ƙirga masa su, wato ranar da ake yanke matakin da za a ɗora shi. Da zarar ya shiga, ba wanda zai sake tambayarsa abin da ya yi a wancan wurin. Kuskuren da 'yan'uwa da yawa suke yi shi ne, idonsu yana kan albashi, ba sa duban mataki. An ninka masa abin da yake karɓa a da, sai ya yi godiya ya sa hannu, bayan wata shida ya gane cewa an ajiye shi daidai da yaran da suka gama bautar ƙasa shekara uku da suka wuce.

A yi lissafi a gani. A ƙaddara ɗan'uwa ya shiga yana da shekara 35, kuma wurin ana ritaya a shekara 60. Shekara 25 ke gabansa. A ƙaddara kuma kowane mataki yana cin shekara uku zuwa huɗu in komai ya tafi daidai. Ke nan ƙarin girma shida zuwa takwas ne iyakar abin da zai iya gani, kuma yawanci ba ya kai haka, don sama tana ƙara ƙunci ne, kujerun suna raguwa. In aka ajiye shi mataki ɗaya ƙasa da inda ya cancanta, an cinye masa shekara uku ko huɗu tun bai zauna ba, kuma wannan giɓin zai bi shi har cikin kuɗin fanshonsa. Shekarun ƙarshe ma ba tabbas gare su ba: a Satumbar 2023 NNPC ya sallami manyan ma'aikatansa da ya rage musu ƙasa da wata 15 su yi ritaya.

Saboda haka ya yi tambaya, cikin ladabi amma ba tare da jin kunya ba. Mene ne sunan matakin da za a ba shi, kuma matakai nawa ne a samansa? Wata nawa ne lokacin gwaji, kuma wa ke sa hannu a tabbatar da shi? Kamfanin ne ya ɗauke shi kai tsaye, ko wani ɗan kwangilar samar da ma'aikata ne ya ɗauke shi ya turo shi? Wannan ta ƙarshe muhimmiya ce ƙwarai, domin a bankuna da kamfanonin sadarwa da na mai akwai mutane da yawa da suke zaune ofis ɗaya da ma'aikatan dindindin, suna aiki iri ɗaya, amma sunansu ba ya cikin jerin waɗanda ake yi wa ƙarin girma ko kaɗan. Duk abin da aka yi masa alkawari da baki, ya nemi a rubuta. Dokar Ƙwadago ta ƙasar nan ta fi kare leburori da ƙananan ma'aikatan ofis ne, ta cire masu aikin gudanarwa da ƙwararru daga ma'anar ma'aikacin da take magana a kansa. Ma'ana, babban ma'aikaci takardarsa ita ce garkuwarsa, kuma in rigima ta kai Kotun Ma'aikata, takardar nan da littafin ƙa'idojin kamfani su alƙali zai fara dubawa.

Wannan ba rashin tawakkali ba ne. A cikin Suratul Ƙasas an ba da labarin yadda aka ɗauki Annabi Musa (AS) aiki a Madyana. An ga ƙarfinsa da amanarsa tukuna, sa'an nan dattijon ya faɗi sharaɗi a fili, shekara takwas, in ya cika goma ganin damarsa ne, shi ma Annabi Musa ya maimaita sharaɗin, suka sanya Allah shaida. Ba a fara kiwo ba sai da kowa ya san abin da ke kansa.

Abu na biyu shi ne watannin farko. Baƙo makaho ne ko da yana da ido. Wanda aka ɗauko daga waje ya sani cewa kujerar da aka ba shi, akwai wanda ya yi shekaru a ciki yana jiran ta. Wannan mutumin zai gaishe shi da fara'a, amma ba lallai ne zuciyarsa ta huce ba, kuma shi ne ya san inda kowane fayil yake. In baƙon nan ya shigo da cewa a wurinmu na da ba haka ake yi ba, yau ya gyara wannan gobe ya soki wancan, to ya haɗa kan mutanen gida a kansa. Za su bar shi ya yi ta faɗawa ramukan da su suka san da su.

Abin da ya fi masa shi ne ya ba wata uku na farko ga sauraro. Ya karanta littafin ƙa'idojin ma'aikata daga bango zuwa bango, abin da mafi yawan mutane ba sa yi. Ya san lokacin da ake auna aikin ma'aikata a shekara, da wanda ke cike takardar, da kwamitin da ke zama a kanta. Ya girmama tsofaffin wurin ko da suna ƙasa da shi, magatakarda da direba da mai kula da sito, don sau da yawa su suka fi kowa sanin dalilin da ya sa ake yin abu yadda ake yinsa. Bayan nan ya zaɓi matsala guda ɗaya da ta daɗe tana damun sashensa, wadda ƙwarewar da ya zo da ita za ta iya warwarewa, ya warware ta, ya kuma sanya sunayen waɗanda suka taimaka masa a rahoto. Aiki guda da aka gani da ido ya fi shawara ashirin a wajen taro.

Sa'an nan ya zauna da shugaban sashensa ya tambaye shi kai tsaye: me ake so a gani daga gare shi kafin a ce ya isa mataki na gaba? Ya rubuta amsar. Ya kuma riƙe ɗan littafi da yake rubuta abin da ya kammala, da kwanan wata, da abin da ya jawo wa kamfani na riba ko ragin asara. Shugabanni suna canzawa, wanda ya ga aikin mutum bana wataƙila baɗi an mai da shi Legas, sabo kuma takarda zai tambaya. Wasu 'yan'uwa suna ganin faɗin abin da mutum ya yi kamar riya ce, sai su yi shiru ana wuce su. Annabi Yusuf (AS) da kansa ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar, ya kuma faɗi dalili, cewa shi mai tsarewa ne masani. Malamai sun kafa hujja da wannan a kan cewa mutum ya ambaci abin da ya iya, in gaskiya ne kuma akwai buƙata, ba laifi ba ne. Laifin yana wajen ƙari, da cin aikin wani, da kushe abokin aiki.

Abu na uku, ya san hanyar da ya dosa. A babban kamfani hanya biyu ce. Akwai ta ƙwarewa, inda injiniya ko akanta ko masanin kwamfuta yake ƙara zurfi a fanninsa har ya zama shi ake kira in abu ya gagara. Akwai ta shugabanci, inda mutum yake barin aikin hannu ya koma kula da mutane da kasafi da taro. Ta biyun ta fi kaiwa sama, amma ta fi santsi, don in an zo rage ma'aikata ko an haɗe kamfani biyu, manajoji ne suke yin yawa. Ta farkon ba ta cika kai mutum ƙololuwa ba, amma mai ita ba ya daɗewa a zaune. Kowa ya dubi halinsa ya zaɓa, kuma ko ya zaɓi shugabanci kada ya bar hannunsa ya mutu. Injiniyan da ya yi shekara goma a masana'antar da injinanta ba sa juyawa zai iya samun ƙarin girma a takarda, amma ran da ya fita neman aiki, abin da ya taɓa da hannunsa za a tambaye shi.

Kowace hanya tana da takardunta. Injiniya ya yi rajista da COREN. Akanta ya kammala ICAN ko ANAN. Ma'aikacin banki yana da CIBN, mai kula da ma'aikata yana da CIPM. Mai babbar difloma ta Kaduna Polytechnic ya bincika tun da wuri ko a wurinsa akwai matakin da ba a bari mai HND ya wuce, in akwai, ya nemi difloma ta gaba da digiri sa'an nan digiri na biyu, ga Jami'ar Jihar Kaduna a cikin gari, ga ABU a Zariya. Ya fara tun yara suna ƙanana, tun ƙwaƙwalwa tana ɗauka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma maganar wuri. In aka cire kamfanin rarraba lantarki da ke titin Ahmadu Bello da wasu 'yan kaɗan, yawancin manyan ofisoshin da ake gani a titin Yakubu Gowon da kewaye rassa ne. Hedkwatar NNPC tana Abuja, ta mafi yawan bankuna da kamfanonin sadarwa tana Legas, kuma a can ake yanke shawarar wanda zai hau. Mai son ya wuce wani mataki, wata rana za a ce ya tashi. Jirgin ƙasan Rigasa zuwa Abuja da aka buɗe a 2016 ya sauƙaƙa wa wasu, suna aiki can iyali suna nan, amma Legas ko Fatakwal ba haka ba ne. Wannan shawara ce da za a yi da iyaye da mai ɗaki tun kafin takardar canjin wuri ta zo. Wanda yake da tsofaffi a gida ya ga ba zai iya nisa ba, ya zaɓi zama da saninsa, ya san abin da ya bari, kada daga baya ya ce an danne shi.

Abu na huɗu, kuma a nan ne ƙafa ta fi zamewa, shi ne maganar ubangida. Za a gaya wa ɗan'uwa cewa ba a hawa sai da wanda ya tsaya maka. Akwai gaskiya a ciki, domin a ɗakin da ake yanke ƙarin girma dole wani ya ambaci sunan mutum. Amma akwai bambanci tsakanin babban da ya ga aikin yaro ya yaba, yake ba shi shawara, da wanda yake tara yara don su rufe masa ɓarna. Na biyun zai ɗaga mutum da sauri, sa'an nan ran nan ya turo masa takardar kwangilar da ba a yi ba ya ce ya sa hannu. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In bincike ya zo, sa hannun da ke kan takarda ake bi, ubangida kuwa ya yi ritaya ko ya ce bai san zancen ba. Wanda aka ɗauko daga waje ya fi kowa shiga wannan haɗari, don ba shi da tsofaffin abokai da za su ja masa kunne. Ƙarin girman da za a biya da amana ya yi tsada, a nan duniya ma kafin a je gaban Allah.

Haka nan ya kiyayi ƙungiyancin ɓangare a wurin aiki. Tun bayan rikicin 2000 garin nan ya rabu, mafi yawan Musulmi suna wannan gefen kogi, mafi yawan Kirista suna wancan. Wurin aiki yana cikin 'yan wuraren da suka rage inda mutumin Unguwar Dosa da mutumin Sabon Tasha suke zama teburi ɗaya. Wanda ya keɓe kansa da 'yan unguwarsu kaɗai ya rage yawan masu yi masa shaida da hannunsa. Ya tsare sallarsa a kan lokaci, ya sanar da shugabansa maganar Juma'a tun ranar farko, ya koma bakin aiki da an idar, kada a mai da salla hujjar ɓacewa awa uku. Ya yi wa kowa adalci. In ya zama shugaba, ya auna na ƙasa da shi da aikinsu, kamar yadda yake so a auna shi.

Na ƙarshe shi ne guzurin fita. Dokar fansho ta 2004, wadda aka sabunta a 2014, ta sa asusun fansho ya zama na ma'aikaci, yana bin sa duk inda ya koma. Kamfani yana zuba aƙalla kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kashi 8, kuma doka ta ce a tura kuɗin cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Ɗan'uwa ya ba sabon wurin lambar asusunsa na da, ya riƙa duba saƙon kowane wata, don akwai wuraren da ake cirewa ba a turawa. Tun Nuwambar 2020 mutum yana iya sauya kamfanin da ke juya masa kuɗin sau ɗaya a shekara, tun 2021 kuma hukumar PenCom ta buɗe asusu na shida wanda ba a juya shi da kuɗin ruwa, mai so sai ya nema a rubuce. Wanda ya rasa aiki bai kai shekara 50 ba, in ya yi wata huɗu bai samu wani ba, yana iya karɓar kashi 25 cikin ɗari na abin da ya tara. Tsofaffin ma'aikatan KTL ba su samu irin wannan ba, haƙƙinsu yana hannun masaƙa ne, da ta rufe ya maƙale a ciki.

Bayan fansho, ya yi hattara da rayuwar da albashi yake jawowa. Motar ofis da gidan ofis da direba, zanen aro ne, ba ya rufe katara. Kada sabon albashi ya sa ya tashi daga Badarawa ya kama hayar da ba zai iya biya ba in aiki ya tsaya wata shida. Ya mallaki fili ko da a Rigachikun ne, ya ajiye abin da zai riƙe gida na wasu watanni, ya riƙe zumunci da tsofaffin abokan aikinsa, ya rabu da wurin da ya bari lafiya, da sanarwa da miƙa aiki yadda ya kamata, don garin nan ƙarami ne, kuma shaidarsu za a nema. Ma'aikatan banki musamman su lura: a Maris na 2024 Babban Banki ya sake ɗaga jarin bankuna, har naira biliyan 500 ga manya, kuma abin da ya faru a 2005 ya nuna cewa duk inda aka haɗe bankuna, kujeru suna raguwa.

Duk bayan shekara biyu ɗan'uwa ya zauna shi kaɗai ya tambayi kansa: me ya iya yau wanda bai iya ba ran da ya shigo? In aka rufe ƙofar nan gobe, wa zai ɗauke shi, kuma saboda me? In ya yi shekara biyar a mataki ɗaya, ba sabon ilimi, ba kuma bayani gamsasshe daga sama, to ya fara duba wata ƙofar tun yana da ƙarfinsa, ya yi istihara, ya yi shawara da waɗanda suka riga shi. Arziki na Allah ne, ba ya hannun manaja, amma an umurci bawa da ya riƙi sababi, kuma lissafi yana cikin sababi.

Allah Ya ba 'yan'uwa halal mai albarka, Ya tsare su daga cin amana, Ya buɗa wa waɗanda suke nema, Ya jiƙan iyayen da suka rasu suna jiran haƙƙinsu.